Gas ɗin firji ba ya ƙarewa

Kusan duk wanda ya kawo firji shagon da na koyi aiki a Sabon Garin Kano, ya riga ya yanke hukunci tun daga gida: "Malam, gas ne ya ƙare, a ɗura mini." Maigidana ba ya musu da kowa. Sai dai ya juyo ya ce mini, "Kai, ɗauko mita," wato 'yar na'urar hannu da muke auna wuta da wayoyi da ita. A hannunsa na gane cewa gas ɗin firji ba irin na girki ba ne da ake ƙonawa har tukunya ta koma wayam. Zagayawa yake yi a cikin bututu rufaffe: kwamfaresa, wato injin firjin, ta matse shi, ya saki zafi a ƙarafunan baya, ya ratsa siririn bututun kapilari, ya kwashi zafin cikin firjin, ya sake dawowa. Idan ya ragu, to akwai inda yake yoyo. Mai gyaran da ya ɗura maka gas bai yi amfani da ruwan kumfa ya nemo hujin ya toshe shi ba, kuɗinka kawai ya karɓa, kuma ba da jimawa ba za ka dawo.

Yawancin firjin da aka yi wa wannan zargi ma gas ɗinsu lafiya lau yake. Abin da ya fi mutuwa shi ne rilei, ɗan ƙaramin abu da ke ba kwamfaresa ƙarfin tashi. Alamarsa ba ta ɓuya. Za ka ji gurnani na 'yan daƙiƙu, sai "ƙas", sai shiru, bayan mintuna kaɗan a maimaita. Wannan gyara ne da mai firji zai iya yi da hannunsa. Cire fulogi daga soket tukuna. A gefen kwamfaresa akwai baƙin murfin roba; ɓalle shi da sukundireba, ka ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka taɓa komai, sannan ka zare rilei ɗin. Kai shi kunne ka girgiza. Idan irin mai ɗan faranti a ciki ne kuma ka ji kacau-kacau, farantin ya farfashe. Sau da yawa har ƙauri za ka ji. Idan akwai kapasita a wurin, kada ka sa yatsa a bakinta, tana riƙe wuta ko bayan an cire fulogi.

Kafin ka tafi kasuwa, auna kwamfaresar kanta. Ƙafafu uku gare ta. Sa mita a ma'aunin om, ka auna su biyu-biyu, za ka sami lamba uku. Idan ƙananan biyun suka haɗu suka ba da babbar, wayar ciki tana nan da ranta. Sannan ka sa bakin mita ɗaya a ƙafa, ɗaya a jikin ƙarfen inda fenti ya goge. Mita ta nuna akwai haɗi a nan, to kwamfaresa ta ƙone, sabon rilei ba zai tashe ta ba. Awon minti biyar ne, amma shi ke raba kashe kuɗi kaɗan da sayen kwamfaresa, wadda ita ce mafi tsada a duk jikin firjin.

Wajen sayen kaya kuwa, tafi da tsohon a aljihu, da lambar da ke manne a jikin kwamfaresa. Kada ka yarda da "ai duk ɗaya ne" daga bakin mai shago. Obalod, wato abin da ke yanke wuta idan kwamfaresa ta yi zafi, da girman kwamfaresa ake daidaita shi. Na ga masu gyara da ke cire shi su haɗa waya kai tsaye don firji ya tashi a gaban mai shi. Ni a wurina wannan ha'inci ne, domin ranar da wuta ta zo ba ƙarfi babu abin da zai kare kwamfaresar. Kayan gwanjo ba laifi ba ne. Wani rilei ɗin da aka ciro daga tsohuwar kwamfaresar kamfanin Danfoss ya fi sabon jabu ƙarko. A gwada shi a gabanka kawai.

Robar ƙofa ma aikin gida ce. Maƙale takardar naira a bakin ƙofar ka rufe, ka ja. Ta zare ba tirjiya, sanyi na gudu ta nan. Haka ƙurar hunturu da ke lulluɓe ƙarafunan baya, buroshi ya ishe ta. Tamostat, wato abin daidaita sanyi, da fankar ciki duk ana canza su da sukundireba da filaya.

Inda nake cewa mutum ya tsaya shi ne duk abin da ya shafi buɗe bututu. Tsoffin firji da R12 suke aiki, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina saboda illarsa ga sararin samaniya. R134a ya maye gurbinsa, yanzu kuma yawancin sababbin na gida R600a ne, shi kuwa yana kama wuta. Ba a musanya waɗannan gas ɗin da juna, kuma da giram ake auna gas ɗin daidai da abin da aka rubuta a takardar jikin firjin. Wannan aiki na bukatar injin zuƙe iska, da sikeli, da walda, da sabuwar filta. Abin haushin shi ne yawancin hujin da muke toshewa masu firjin ne suka yi shi da kansu, garin ɓamɓare ƙanƙara da wuƙa, musamman masu sayar da zoɓo da kunun aya lokacin azumi, da ba sa son kashe firiza ko na awa ɗaya.

Shi kuwa rilei, abin da ke kashe shi a garuruwanmu sananne ne. An ƙera firjin don wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240, ga kuma abin da Nepa ke kawowa. Idan aka ɗauke wuta aka maido nan take, gas bai gama daidaita a bututu ba, kwamfaresa sai ta yi ta yunƙuri ta kasa. A jira minti biyar kafin a kunna, ko a sayi sitabilaiza mai jinkiri. Ba a yi haka ba, sabon rilei ɗin ma hanyar tsohon zai bi.

Firji masu inbata da ke cika kasuwa yanzu ba su da wannan rilei ɗin sam. Allon lantarki ne ke tuƙa kwamfaresarsu, kuma ƙafafunta uku lamba ɗaya suke bayarwa a mita, don haka lissafin da na kawo a sama bai shafe su ba. Duba takardar jikin naka kafin ka ɗauki sukundireba.