Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Wuyan Abba

Makon jiya na tsaya inda Baban Abba ya samu babbar motar da yake ja zuwa Njamena, muka tattara muka koma gidan Hajiya a unguwar Yelwa, nan Garwa ta ƙasar Kamaru. Yau kuwa labarin tukunya ne, da yadda ta kusa raba ni da surukata.

Lokacin Abba yana shekara 9, yana aji CE2, wato aji huɗu na firamare. Ya isa wanka da kansa, amma wata Asabar na lura bayan wuyansa ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Na ce ƙazanta ce. Na zaunar da shi a bakin rijiya, na sa soso da sabulun salo na dirje shi har da lemon tsami, yana kuka yana rantsuwa wai kullum yana wankewa. Baƙin bai gusa ba. Da na shafa da yatsa sai na ji fatar ta yi kauri, ga laushi kamar karammiski. Har yau in na tuna dirzar nan sai kunya ta kama ni.

Zazzaɓin ƙanwarsa Ummi ne ya kai mu asibiti, shi rakiya kawai ya yi. Malamar asibitin, wata dattijuwa mai haɗa Fillanci da Faransanci kamar yadda aka saba a Garwa, ta gama da Ummi sai ta kama haɓar Abba ta juya wuyansa. Ta ɗora shi a sikeli: kilo 45. Tsawo mita 1 da santimita 38. Ta raba nauyin da tsawon, ta sake rabawa, ya ba da 23.6. Sai ta buɗe mini jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007, wanda ake auna yara 'yan shekara 5 zuwa 19 da shi, ta nuna mini cewa namiji ɗan shekara 9 in ya haura 20.5 ya shiga ƙiba ke nan. Baƙin wuyan kuma, in ji ta, yakan fito ne idan jiki ya fara yi wa insulin taurin kai, wato sinadarin da ke shigar da sukari inda zai yi amfani. Washegari aka gwada jininsa kafin ya karya, sukarin bai hau ba, alhamdu lillahi. Amma ta ce in rubuta duk abin da ya shiga bakinsa kwana uku, kada in ɓoye ko ƙwayar gyaɗa.

Takardar nan ita ta tona mana asiri. Da safe ni ke ba shi shayi da madarar gwangwani mai zaƙi, sukari ƙwaya 4, da rabin burodi shafe da cakulan. In ba shi dala ashirin na makaranta, su tafi a makala (fanke) da alaska (ƙanƙara mai zaƙi) a bakin ƙofa. Ya dawo ya ci shinkafa da mai. Daga nan ya faɗa ɗakin Hajiya, can akwai kunun gyaɗa da cincin a samira, ba a ƙirgawa. Gwaggonsa in ta leƙo da alewa a jaka. Ubansa kuwa, da yake yakan yi kwana goma a hanyar Marwa da Kusuri bai ga yaransa ba, ranar da ya dawo da lemon kwalba da tsire yake biyan bashin kewa. Mu huɗu muke ciyar da yaro ɗaya, kowa yana ganin nasa ɗan kaɗan ne.

Da na mayar mata da takardar, malamar ta ciro kwalin sukari daga aljihun tebur, ta jera ƙwaya 7 a gabana. Ta ce kimanin abin da ke cikin ƙaramar kwalbar lemo ta santilita 33 ke nan, wajen giram 35. Yaro kamarsa, in ana son a yi daidai, sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce ƙwaya huɗu zuwa biyar a wuni, duka da na shayi da na kunu. Ta gargaɗe ni sosai kada in sa masa yunwa. Yaro ne mai girma, abin da ake so nauyin ya tsaya inda yake, tsawo ya zo ya tarar da shi. Rabin kwano ganye da kayan lambu, tuwo malmala kamar dunƙulen hannunsa, sauran kifi ko wake ko ƙwai ko nama. Ganye da 'ya'yan itace su kai giram 350 a rana ga ɗan shekara 6 zuwa 9. Ƙishirwa a kashe ta da ruwa. Guje-guje awa guda kullum, barci kada ya gaza awa 9.

Na ji duka, amma na dawo gida na yi wauta. Na ware masa kwanonsa daban. Sauran yaran gida suna zagaye da tire suna dambe da shinkafa, shi yana gefe da ɗan tuwonsa kamar mai laifi. 'Yan uwansa suka samu abin tsokana, suna ce masa mai ciwo. Kwana huɗu aka yi haka, a na biyar na tarar da shi a bayan labulen Hajiya, baki duk maiƙo.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba, ita ba ta yin haka. Ta ce, “Zauna, 'yar nan.” Na durƙusa. “A gidana za ki horar da maigidana da yunwa? Kin san yunwa kuwa?”

Na ce, “Hajiya, ki yi haƙuri, likita ce ta...”

“Likitar ta ga 1985?”

Na yi shiru. Hajiya a ƙauyen wajen Mora ta yi aurenta na fari, farin shekarun nan a kanta ya ƙare. Ta sha ba mu labarin yaran da wuyansu ya kasa ɗaukar kansu. A idonta kumatun Abba shaida ce cewa wancan zamani ya wuce. Kuma gaskiya ba ita kaɗai ba, a unguwarmu yaro mai jiki cewa ake yi ya ji gida. Wa zai je ya gaya wa tsohuwa irin wannan cewa ƙoshi ma yana da ciwonsa?

Ban yi gardama ba. Abin da ke hannuna tukunya ce, sai na koma kanta, na fasa kwanon Abba na daban. Man auduga da nake tuttulawa daga kwalba na koma aunawa, cokali uku ga miyar gida duka. Shinkafa ta koma sau biyu a mako, sauran ranaku tuwon masakwa ko na gero, yau miyar tafasa wadda maƙwabtanmu Fulani ke kira tasɓa, gobe yakuwa da gyaɗa kaɗan, jibi kuɓewa ko kuka. Kifin tafkin Lagdo na daina soyawa, sai gashi ko a miya. Kwaɗon zogale ya dawo gidanmu bayan na daɗe ina ganinsa abincin rashi. Dala ashirin ta makaranta na mayar da ita dafaffen ƙwai da gwaiba, ko mangwaro in lokacinsa ne. Sukarin shayi ban yanke shi rana ɗaya ba, ƙwaya ɗaya nake ragewa duk mako, har ya tsaya a ɗaya bai ankara ba. Kindirmo kuma a sha shi yadda Bafulatana ta kawo.

Motsa jiki ne ya ba ni wuya, don wanda ya san Garwa a watan Maris da Afrilu ya san zafi na haura digiri 40, ba uwar da za ta kori ɗanta waje da rana tsaka. Sai bayan la'asar yake fita ƙwallo, makarantar allo kuma na hana a kai shi a mashin, ya taka da ƙafarsa.

Saura ɗakin Hajiya. Wata rana tana tsintar wake na zo na jera ƙwayar sukari 7 a gefen faifanta, na ajiye kwalbar lemo kusa da su, ban ce komai ba. Ta dubi sukarin, ta dubi kwalbar. “Duk wannan a ciki?” Na ce haka aka nuna mini. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta juya ta a hannu, ta ce, “Ai ko doki ba a ba shi haka.” Ta ci gaba da tsintarta. Samirar cincin dai ba ta bar ɗakin ba, amma na lura ta koma saman kwaba inda hannu ba ya kai wa.

Bayan wata uku aka sake auna shi: kilo 45 ɗin nan dai, tsawo ya ƙaru da santimita ɗaya da rabi. Malamar ta ce haka ake so.

Daren Alhamis na wannan makon muka ji ƙugin mota a ƙofar gida. Baban Abba ya shigo, yaron mota na biye da shi ɗauke da kiret guda na lemo a ka, shi kuma da ƙunshin tsire yana ɗigar mai, yana kiran “Ina Abbana?” Abba ya taso da gudu, ya tsaya tsakiyar gida yana dubana. Hajiya na kan tabarma da carbi a hannu. Ta ajiye carbin ta ce wa yaron mota, “Kai, dakata, kada ka sauke.”

Abin da ya biyo baya tsakaninta da ɗanta, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.