Abin da na koya wajen raka 'yan gudun hijirar Yukiren neman tallafi da aiki a Jamus

Na shiga aikin sa-kai na taimaka wa 'yan gudun hijirar Yukiren a Berlin makonni kaɗan bayan ɓarkewar yaƙi a ranar 24 ga Fabrairun 2022, lokacin da jiragen ƙasa daga Polan ke ta sauke mata da yara da tsofaffi a babbar tashar birnin. Maza ba su da yawa, domin hukumomin Yukiren sun hana akasarin masu shekara 18 zuwa 60 fita. Ba na jin harshensu, amma ina jin Jamusanci, kuma na san ofisoshin ƙasar tun lokacin da nake neman takardun zamana, saboda haka aka ɗora mini cike fom da rakiya zuwa ofis tare da tafinta.

Abin da ya bambanta su da sauran masu neman mafaka shi ne matakin da Tarayyar Turai ta ɗauka a ranar 4 ga Maris, na fara aiki da dokar kariya ta wucin gadi, wadda aka kafa tun 2001 amma ba a taɓa amfani da ita ba. Jamus ta aiwatar da ita ta sashe na 24 na dokar zaman baƙi, wanda ya ba su izinin zama da na aiki ba tare da jiran shari'ar mafaka ba. Daga 1 ga Yunin 2022 aka mayar da su hannun Jobcenter, ofishin da ke kula da marasa aikin yi, inda baligi mai zaman kansa ke karɓar Yuro 449 a wata, kuɗin da ya kai 502 a 2023 da aka sauya wa tallafin suna zuwa Bürgergeld, sannan 563 a 2024. Ban da wannan, ana biya masa haya da kuɗin ɗumama gida da inshorar lafiya.

Darasin farko da na ɗauka shi ne kada a jira takardu su cika kafin a miƙa buƙata, domin doka tana lissafa tallafin daga ranar farko ta watan da aka nema, wanda kuwa ya bari wata ya fita ya yi asararsa. Haka kuma duk wasiƙar da ta zo da hukuncin da bai yi daidai ba, wata ɗaya ake da shi a ƙalubalance ta a rubuce. Mata da yawa ba su san cewa sai da izinin ofis ake yin tafiya ba, kuma makonni uku kawai aka yarda a shekara, alhali hankalinsu na kan mazajensu da iyayensu da suka baro. Na riƙa faɗin wannan tun a zaman farko, don kada ziyarar gida ta zama sanadin yanke tallafi.

Samun kuɗin abinci bai kai samun aiki wahala ba, kuma a nan ne ra'ayina ya saɓa da na masu cewa tallafin ne ke sa mutane zaman gida. Wata ma'aikaciyar jinya daga Kharkiv, uwar yara biyu, ta nuna mini inda gizo ke saƙar. Ta yi shekaru tana aiki a asibiti, Jamus kuma na kukan ƙarancin ma'aikatan jinya, amma sai ta kammala kwas ɗin sajewa, wato na koyon Jamusanci da tsarin rayuwar ƙasar, na sa'o'i 700 wanda ke kai mutum matakin B1 na harshe, sannan ta ƙara karatu zuwa B2 da aikin jinya ke buƙata, sannan a fassara takardun shaidarta a tantance su. Duk wannan bai fara tafiya ba sai da ƙaramin ɗanta ya sami gurbi a gidan renon yara, abin da ya ci watanni. Ba ta taɓa tambayata yadda za a ƙara mata tallafi ba. Tambayarta kullum ita ce yaushe za ta koma bakin aikinta.

A Oktoban 2023 ministan ƙwadago Hubertus Heil ya ƙaddamar da shirin Job-Turbo, wanda ya nemi a fara aiki da ɗan Jamusancin da aka samu, a ci gaba da koyo a wurin aiki. Na ga amfaninsa ga waɗanda suka shiga dafa abinci da shaguna da ɗakunan ajiyar kaya, domin bakinsu ya fi saurin buɗewa a tsakanin abokan aiki, kuma Yuro 100 na farko na albashi ba a cire shi daga tallafi. Sai dai na riƙa jan kunnen masu takardun sana'a da kada su ajiye neman tantancewa, domin wanda ya dawo gida a gajiye da wuya ya sake buɗe littafin nahawu.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne halin ɗaliban Afirka, har da 'yan Najeriya, da suka tsere wa bama-bamai ɗaya amma yawancinsu ba su sami wannan kariya kai tsaye ba, tun da ba su da izinin zama na dindindin a Yukiren. Na cike wa wasu fom ina sane da cewa ƙofar da aka buɗe wa maƙwabtansu a rufe take gare su.

Yarjejeniyar gwamnatin haɗin gwiwar Jamus ta 2025 ta tanadi cewa 'yan Yukiren da suka iso bayan 1 ga Afrilun shekarar za su koma tallafin masu neman mafaka, wanda bai kai wancan ba. Ragin kuɗin bai dame ni ba kamar rabuwa da jami'in Jobcenter da wannan sauyi zai jawo, domin shi ne ke tura mutum kwas, ya amince da kuɗin fassarar takardu, ya haɗa shi da masu ɗaukar aiki.