Darasi a Gida, Aikin Gida a Aji

Tsarin da muka taso muka tarar a makarantun boko shi ne malami ya tsaya gaban allo ya yi bayani na kimanin minti 40, ɗalibai su kwafi rubutu, sannan ya ba da aikin gida a tashi. Illar wannan tsari ba ta bayyana sai da daddare, lokacin da yaro ya buɗe littafinsa ya ci karo da tambayar da ta gagare shi, alhali wanda zai warware masa ita ba ya kusa. Sashen karatun da ba shi da wuya, wato sauraro, a gaban malami ake yinsa; sashen da ke da wuya kuwa, wato aiki da abin da aka ji, shi ake bar wa yaro shi kaɗai. Abin da masu juya tsarin aji suka yi shi ne musanya waɗannan biyun: ɗalibi ya kalli bayani ko ya karanta shi a gida, idan ya zo aji kuma a zauna kan tambayoyi da gwaje-gwaje malami yana zagayawa.

Waɗanda suka fi shahara da wannan hanya su ne Jonathan Bergmann da Aaron Sams, malaman ilimin sinadarai a wata makarantar sakandare da ke garin Woodland Park a jihar Kolorado ta Amurka. Ba da niyyar kawo wani sabon abu suka fara ba. Garin a wajen birni yake, kuma ɗalibansu suna yawan rasa darasi saboda doguwar tafiyar da suke yi zuwa wasannin makarantu. A shekarar 2007 sai suka fara naɗar bayaninsu a bidiyo domin waɗanda ba su halarta ba, amma sai suka ga har waɗanda suka halarta suna komawa suna kallo, suna tsayar da bidiyon, suna maimaita wurin da ya shige musu duhu. Daga nan suka mayar da bayanin baki ɗaya zuwa gida. Yaran da ba su da intanet kuwa, a faifan DVD suka riƙa zuba musu darussan. Littafin da suka wallafa a 2012, tare da bidiyoyin lissafi na Salman Khan, mai Khan Academy, shafin koyar da darussa kyauta a intanet, su ne suka yaɗa sunan tsarin a duniya.

A ganina, yawan maganar bidiyo ya sa an manta da inda gizo ke saƙar. Tun kafin YouTube, a farkon shekarun 1990, Eric Mazur, malamin fiziks a Jami'ar Harvard, ya gwada ɗalibansa da wasu tambayoyi da ba sa buƙatar lissafi, sai dai fahimtar yadda ƙarfi ke motsa abu. Sai ya tarar ɗaliban da ke cin jarrabawa da haddar ƙa'idoji suna faɗuwa a kan abin da ya ɗauka sun daɗe da ganewa. Ya canja salo: ya ce su karanta babin kafin su zo, a aji kuma ya jefa tambaya ɗaya, kowa ya yi shiru ya zaɓi amsarsa, sannan ya juya ga na kusa da shi wanda amsarsu ta bambanta, ya yi ƙoƙarin shawo kansa. Bayan 'yan mintuna a sake zaɓe. Sau da yawa amsar daidai ce ke rinjaye a karo na biyu, domin ɗalibin da ya gane abu yanzu-yanzu bai manta da inda ya yi tuntuɓe ba, ya kuma fi farfesa sanin inda ɗan'uwansa ya maƙale. Babu bidiyo ko ɗaya a cikin wannan tsari, amma ajin ya juya.

Wanda ya yi karatun zaure ba zai ji wannan a matsayin baƙon abu ba. Ɗalibin kirki ba ya zuwa gaban malam da littafi sai ya yi muɗala'a, ya duba bakin karatunsa, ya san kalmomin da suka gagare shi, yadda idan malam ya fara fassara kunnensa yana jiran daidai wurin da yake buƙata. Wanda bai duba ba, tun daga jan baƙi ake gane shi.

Sai dai ba kowane labarin nasara ba ne yake tsayawa idan aka gwada shi da kyau. A shekarar 2016 an yi wani gwaji a West Point, makarantar horar da hafsoshin sojan Amurka, inda aka raba azuzuwan lissafi da na ilimin tattalin arziki ta hanyar ƙuri'a, wasu aka juya musu darasi, wasu aka bar su a kan tsohon tsari. A lissafi, waɗanda aka juya wa darasi sun fi samun maki a gwajin da aka yi nan kusa, amma zuwa jarrabawar ƙarshe bambancin ya ɓace. A tattalin arziki ba a ga wani tasiri ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ribar da aka samu ta fi zuwa ga ɗaliban da dama can su ne a gaba, don haka tazarar da ke tsakaninsu da na baya ƙaruwa ta yi. Gwajin na 'yan darussa ne kawai, ba za a yanke hukunci da shi kaɗai ba. Amma idan haka ta faru a makarantar da kowane ɗalibi yake da kwamfuta, da wuta, da ɗakin karatu, da horon soja a kansa, ya kamata malamin da ke koyarwa a inda babu ko ɗaya daga cikin waɗannan ya yi tunani sosai.

Mun ɗan ɗanɗana hakan a 2020, lokacin da annobar korona ta rufe makarantu, jihohi irin su Kano da Kaduna suka riƙa watsa darussa ta rediyo da talabijin. Darasi ɗaya ake watsawa, amma ba gida ɗaya yake shiga ba. Akwai yaron da mahaifiyarsa za ta zaunar da shi da biro da takarda, akwai kuma yarinyar da a daidai lokacin tana ɗebo ruwa ko tana wajen talla. Juya aji yana ɗora rabin karatu a kan gida, kuma gidaje ba ɗaya suke ba.

Wannan bai sa na ce a yi watsi da tsarin ba. Abin da ake nema kafin shiga aji ba lallai ne ya zama bidiyo ba. Shafi guda da aka buga ya wadatar, ko saƙon murya na minti 5 a WhatsApp ga manyan ɗalibai, matuƙar yana tare da tambayoyi biyu ko uku da za a zo da amsarsu. Wahalar gaskiya tana farawa ne da safe, lokacin da malami ya shiga ya tarar rabin aji ba su duba komai ba. Idan ya maimaita bayanin daga farko, ya koya wa waɗanda suka shirya cewa wahalar banza suka sha, kuma mako mai zuwa su ma ba za su duba ba. Idan ya wuce gaba, ya zubar da sauran. Abin da Bergmann da Sams suka riƙa yi shi ne su sa wanda bai kalla ba ya koma gefe ya kalla a cikin aji, yayin da 'yan'uwansa ke aiki tare da malami. A ajin da ke da yara 80 da waya ɗaya, wannan gefen zai zama 'yan bencina ne a bayan aji da takardar darasi, a ba su minti 10 su karanta kafin su shigo cikin tattaunawa.