Minti 24 da suka raba mu da jirgin rabin awa

Na daɗe ina aikin tsara jadawalin jiragen ƙasa masu ɗauko ma'aikata daga garuruwan da ke kewaye da birni, kuma a duk tsawon lokacin safiya da yamma kaɗai na sa a gaba. Da safe mu sako jirage a jere su kai mutane aiki, da yamma mu maido su gida. Tsakanin nan kuwa jirgi ɗaya ne a awa, sauran suna fake a gareji.

Wata dattijuwa ce ta sauya min tunani. Na same ta a tashar birni da hantsi, zaune a benci, ta cire takalmi tana matsa ƙafa. Aikin dare take yi, shara da goge-goge. Jirgi ya wuce ta da minti biyu, saura 58. Da ta ga katin aiki a wuyana sai ta ce, "Ɗana, ku ne masu jirgin nan?" Na ce, "Mu ne, Mama." Ta ce, "Tafiyar ba ta dame ni ba. Zaman jiran nan ne yake cin raina."

Gaskiyarta. Mu a ofis muna ƙirga tafiya daga tashin jirgi, fasinja kuwa yana ƙirgawa daga lokacin da ya taka tasha. Wanda ya zo bai duba jadawali ba, a matsakaici rabin tazarar da ke tsakanin jirage zai jira: minti 30 idan awa-awa suke zuwa, 15 idan rabin awa ne. Ka ce za ka cire wa fasinja minti 15 ta hanyar ƙara gudu, sai ka sāke dogo, ka miƙar da kwana-kwana, ka kashe kuɗin da ba mu da su.

Da na kai wa manya maganar a riƙa sako jirgi duk rabin awa, amsar ɗaya ce: babu kuɗin sabon jirgi. Sai na koma kan lissafi. Yawan jiragen da layi yake buƙata shi ne tsawon zagaye guda, zuwa da dawowa da hutun kowane ƙarshe, a raba da tazarar da ake so. Layinmu minti 52 ne zuwa, 52 dawowa, da hutun minti 20 a kowane ƙarshe, jimla 144. Don a samu jirgi duk rabin awa sai an sa biyar a kan dogo. Biyar ɗin muke da su, amma kullum ɗaya yana hannun kanikawa. Idan zagayen ya sauko zuwa 120, huɗu sun isa. Minti 24 ke nan muke nema.

Ashirin daga ciki a wurin juyawa muka same su. Jirgin ba hutu yake buƙata ba, direba ne yake buƙata: ya rufe wurin tuƙi na wannan kan jirgin, ya taka tsawon taragu zuwa na wancan kan, ya sha ruwa, ya kama ruwa. Sai muka sa wani direba ya tsaya yana jira a daidai inda kan jirgin zai kasance, jirgi na tsayawa ya hau ya ja, shi kuma wanda ya sauka ya huta ya karɓi na baya. Ƙarin ma'aikata ne, amma albashin direba ba ya kama ƙafar kuɗin jirgi. Sauran huɗun a ƙofofi muka tsinto su. Na kwana biyar a dandamali da agogo a hannu, na ga yadda mutane suke cunkushewa a tarago guda saboda shi ne kusa da matakala. Muka ja wurin tsayawar gaba kaɗan, muka shafa fenti a inda kowace ƙofa za ta buɗe.

Na kafe kan abu ɗaya: jirgi ya riƙa tashi a minti iri ɗaya kowace awa, daga asuba har dare, har Asabar da Lahadi. Ba ni na ƙirƙiro ba. Holan ta shimfiɗa irin wannan tsari a 1970, Suwizalan ta bi a 1982. Amfaninsa shi ne mutum ya haddace lamba biyu, misali 12 da 42, ya daina duba takarda. Su Caltrain, masu layin jirgin da ke tsakanin San Francisco da San Jose a Amurka, sai da suka koma jiragen lantarki a 2024, masu saurin ɗaukar gudu bayan kowace tsayawa, suka mayar da jiragen ƙarshen mako daga awa-awa zuwa rabin awa. Mu da tsofaffin injinanmu muka yi.

Inda na yi kuskure shi ne ƙarshen layin, wurin da dogo ɗaya ne tal. Jiragen da ke bin juna duk rabin awa suna haɗuwa da masu dawowa duk bayan minti 15 na tafiya, kuma dole haɗuwar ta faɗo a tashar da ke da dogo biyu. Don ta faɗo daidai, na rage hutun can ƙarshe zuwa minti bakwai, na ƙara wa na birni. Wani tsohon direba ya duba takardar ya ce, "Malam, wannan ba ta da wurin numfashi." Na ce lissafi ya fita. A takarda ya fita. Ranar farko da aka yi ruwan sama, jirgi ɗaya ya makara minti biyar, mai tahowa daga ɗaya ɓangaren ya tsaya jiransa a mahaɗa, shi ma ya makara, haka lattin ya yi ta yawo a layin har dare. Wata guda muna cikin wannan hali, kuma mutanen da na yi wa alkawari su ne suka sha wahalar. Tun daga nan ba na fitar da jadawali sai direbobi da masu sigina sun tsefe shi.

Fasinjojin ma ba nan take suka ƙaru ba. Sai da muka zauna da masu bas-bas ɗin da ke kawo mutane tashoshi suka daidaita lokutansu da namu, sannan taragun rana suka fara cika da ɗalibai, da masu zuwa asibiti, da masu aikin karɓa-karɓa irin dattijuwar nan.

Numfashin da tsohon direban ya nema kuwa, sai da wasu suka biya shi. Akwai wata ƙaramar tasha kusa da ƙarshen layi da muka sa jirgi ɗaya ya tsaya, na bayansa ya wuce. Mutanen wurin har yau awa-awa suke jira, suna kallon jirgi yana wuce su da fitilu a kunne. Abin yana damuna ƙwarai. Na rubuta buƙatar a shimfiɗa dogo na biyu a wannan yanki, na haɗa da lissafin mintocin da zai dawo mana da su, kuma duk zaman kasafin kuɗi sai na sake tayar da ita.