Ɗinkin hannu ba ya son gaggawa

Bana na rage karɓar aikin Sallah, kuma na san wasu masu kaya ba su ji daɗi ba. Ku yi haƙuri, Alhazai da Hajiyoyi, ga dalilina.

Babbar riga mai aska takwas, kafin ta iso hannuna sai mai zane ya fitar da fasalinta a kan shadda. Ni kuma in bi layinsa da allura, daga aljihu har kafaɗa, in juya baya in cike tambari, wato zagayayyen adon nan na bayan riga. Watanni take ci idan ana so ta fito yadda aka san ɗinkin Zariya. Ko na gama da saura, sai ta je wurin masu bugu ta yi sheƙi.

Lokacin da nake morewa shi ne hantsi, bayan yara sun tafi makaranta. Sai in shimfiɗa tabarma a inuwar tsakar gida, in ɗora rigar a cinya, rediyo na magana. Hasken lokacin ne kaɗai ke nuna min farin zare a kan farar shadda. Kafin azahar dole in soke allura a gefen aljihu in shiga madafa, da yamma kuma ga shirin Islamiyya.

Da can nakan raba dare ina ɗinki da tocila a gab da Sallah. Ido ya fara yaji, baya ya riƙe, yara su yi magana in amsa da faɗa. Wallahi ina son sana'ar nan, wajen kakata na gaje ta, kuma ina so in tsufa ina ganin kafar allura.

Mai son riga ta Babbar Sallah, don Allah ya kawo yadinsa tun yanzu.