Lahadi, 15 ga Satumba 2024: saƙon da Gwaggo ta turo

Da farin ciki na tashi yau. Wuta ta kwana, na goge kayan Mauludin yara tun da sassafe, Auta kuma ta kawo haddarta ta Islamiyya ba tuntuɓe. Har na yi musu alkawarin waina gobe tunda an ba da hutu.

Wajen hantsi saƙo ya shigo zauren WhatsApp na gidanmu. Gwaggo ce ta turo. Hoton wata mata da goyo, ruwa iya ƙirji, a ƙasa an rubuta a taimaki 'yan'uwa na Maiduguri ko da naira ɗari ce, sai lambar asusu, sai "a tura wa wasu domin Allah". A samansa akwai 'yar alamar nan da ke nuna saƙo ya sha yawo hannu zuwa hannu. Kafin ka ce kwabo, 'yan gida sun fara rubuta "na tura, Allah ya karɓa".

Ni ma na buɗe manhajar banki. Wa zai ga abin da ya sami Maiduguri ya kame hannu? Tun daren Litinin wayewar Talata da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ba na iya kallon labarai har ƙarshe. Gwange, Fori, Bulabulin, fadar Shehu, asibitin koyarwa, duk ruwa ya shiga. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce sama da mutum 400,000 sun bar gidajensu. Kadoji da macizai sun fita daga gidan zu na Sanda Kyarimi sun bi ruwa cikin unguwanni. Rabon garin da irin wannan tun 1994. Kuma mutanen nan fa, da yawansu sun taɓa gudun hijira saboda Boko Haram, yanzu ne suka fara tsayawa da ƙafarsu.

Da na buga lambar, sunan mutum ɗaya ne ya fito, ba na ƙungiya ba, kuma irin asusun nan ne da ake buɗewa da lambar waya. Na koma na sake karanta saƙon. Ba sunan ƙungiya ko masallaci, ba unguwa, ba lambar da za a kira. Na tura wa ƙanina hoton, ya saka shi a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, sai ga shi hoton ya girmi wannan ambaliyar. Tun 2022 yake intanet, shekarar da ruwa ya ci Lokoja da Bayelsa da yankin Haɗeja.

Na rubuta a zauren cikin ladabi cewa don Allah a dakata da turawa har mu san mai asusun. Ko minti biyar ba a yi ba Gwaggo ta kira.

"Ke yanzu har sadaka sai an yi mata bincike? Bayin Allah suna kwana a titi, ke kina duba suna."

Na ce, "Allah ya huci zuciyarki, Gwaggo. Ba hana ki na yi ba. So nake abin da kika fitar ya isa hannunsu."

Ta ce, "Niyya ake dubawa. Wanda ya ci, shi da Allah." Sai ta kawo mini hadisin mutumin nan da ya fita da sadakarsa ta faɗa hannun ɓarawo, aka kuma karɓa masa.

Na ce, "Haka ne, Gwaggo, ladanki yana nan in sha Allahu. Amma shi cikin dare ya bayar, bai sani ba. Mu kuwa ga suna ya fito mana a fuskar waya, ga hoto na shekarun baya."

Ta yi shiru. Sannan ta ce, "To ina za a tura? Kin manta kayan tallafin korona da aka tarar jibge a rumbuna a 2020, talaka yana kwana da yunwa? Ku 'yan boko zargi ya yi muku yawa." Ta yi sallama ta kashe.

Wannan kalma ta zargi ita ta tsaya mini a rai har yanzu. Gwaggo ba ta da rowa ko kaɗan, ita ce take dafa wa almajiran layinsu tuwo kowace Juma'a da kuɗin fanshonta. Maganarta ta rumbuna ma gaskiya ce, ba ni da abin musu. Kuma ban ce mai asusun nan ɓarawo ba ne. Akwai matasa da yawa a Maiduguri da suke tara kuɗi ta asusun kansu suna dafa abinci suna rabawa, Allah ya saka musu. Amma irin waɗannan akan samu wanda zai ce na san shi, ga unguwarsu, ga tukunyar a kan wuta. Wannan kuwa na tambayi kowa a zauren, ba wanda ya san daga ina saƙon ya taso. Gwaggo daga zauren makarantarsu ta matan aure ta samo, wadda ta saka a can ita ma turo mata aka yi.

Abin da na kasa faɗa mata a waya shi ne, daga lokacin da na ware kuɗi da sunan mai goyon da ke sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi a Maiduguri, kuɗin ya tashi daga nawa, ya zama amanarta a hannuna. Idan na jefa shi inda ban sani ba, ni na samu lada, ita ta kwana da yunwa. Wannan ne ba na iya haɗiyewa.

Bayan la'asar na samu ƙawata ta Maiduguri, da ƙyar, layi yana yankewa. Gidansu na Gwange ruwa ya kai taga, suna rakuɓe a gidan yayarta su da wasu iyalai. Na ce mata muna haɗa kayan sawa. Ta ce in bar su tukuna. Da tsadar man nan da aka ƙara farkon wata, kuɗin motar dila ɗaya daga Kano ta Potiskum da Damaturu zai ciyar da gida guda. Ta lissafa mini abin da ake nema: ruwan sha mai tsabta, sabulu, gidan sauro, tabarma, audugar mata, da dafaffen abinci, don wanda ba shi da murhu ba abin da ɗanyar shinkafa za ta yi masa yau. Ruwa ya haɗe rijiyoyi da masai, kowa tsoron amai da gudawa yake. Kasuwar Monday Market da ta ƙone bara, ita ma ruwan bai bar ta ba, kaya sun yi tsada. Da ta zo kan audugar mata sai muryarta ta yi ƙasa, ta ce ita ce abin da ba wanda yake tunawa, mata kuma kunya ta hana su roƙa.

Da Abban yara ya dawo muka raba abin da muka ware biyu. Rabi ga matan unguwar yayarta da suke girki, tunda da idonta take ganinsu, ta kuma kira mini sunan asusun kafin in tura, ya yi daidai da wanda ya fito. Rabi ga Red Cross ta Najeriya, shi da kansa ya rubuta adireshin shafinsu, bai bi ta wani mahaɗi da aka turo ba. Ya ajiye rasit. Ya kuma ce in gargaɗi 'yan gida, duk wanda ya kira ya ce gudummawarka ta maƙale ka karanto masa lambar da banki ya turo ko BVN, a kashe waya kawai.

Na saka gargaɗin a zaure. Kowa ya amsa, ban da Gwaggo.

Wainar gobe: na jiƙa shinkafa. Yis ya ƙare, sai da safe.

Ɗazu Yaya ta gaya mini dubu goma Gwaggo ta tura wa asusun nan, tun kafin ta sako saƙon a zaure, daga kuɗin maganinta na hawan jini. Gobe zan kai mata waina da kaina, zan kuma biya kemis in saya mata maganin. In ta saki fuska, zan kira mata ƙawata su yi magana baki da baki, ta ji muryar wadda ruwan ya ci gidanta.