Abin da sikeli bai gaya mini ba

Ranar da na fara shiga gidaje da sunan binciken lafiyar yara, kayan aikina uku ne: sikeli, allon auna tsayi, da siririn tef ɗin nan mai launi uku da ake naɗawa a damtsen yaro. Idan ya tsaya a kan ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani, sai asibiti. A lokacin gani nake duk ɓarnar da talauci ke yi wa yaro sikeli zai nuna ta, maganin kuma bai wuce a wayar wa iyaye mata kai ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Da wannan adadi a kaina nake sallama a kowane zaure, ina ɗokin in koyar.

Wata mata ce ta gyara mini zama, a wani ƙauye a Jigawa, cikin zafin watan Afrilu. Na same ta tana surfen kuɗi. Ɗanta mai wata 14 yana zaune a gindin turmi, ba ya kuka, ba ya dariya, ƙuda na sauka a gefen idonsa bai ko kore su ba. Nauyinsa bai yi muni ba, shirun nan nasa ne ya tsaya mini a rai. Na ce mata, "Baiwar Allah, ki riƙa yi masa wasa kina yi masa magana, ƙwaƙwalwarsa na buƙata." Ta jingine taɓarya, ta goge zufa da gefen zane, ta ce, "Malama, tun asuba lissafin abin da za mu ci da dare nake yi." Maigidan ya tafi cin rani Legas, wata uku ba aike. Har yau in na tuna yadda na ba ta wannan shawara a tsaye, da littafi a hannu, sai kunya ta rufe ni.

Abin da na karanta a aji sai a gidan nan ya zauna mini. Ƙwaƙwalwar jariri da mayar da martani take ginuwa: ya yi gwaranci a amsa masa, ya tsorata a rungume shi, sinadarin kotizol da fargaba ke tayarwa ya sauka. Uwar da damuwa ta cika wa ciki tana son ɗanta kamar kowace uwa, hankalin da za ta amsa masa da shi ne talauci ya tafi da shi. A Romaniya, binciken da aka yi a kan yara 136 na gidajen marayun Bukares ya nuna waɗanda aka mayar hannun masu riƙo kafin su cika shekara 2 sun fi farfaɗowa. A Kingiston ta Jamaika kuma, tun 1986, ma'aikatan lafiya suka riƙa ziyartar tsumburarrun yara kowane mako har shekara 2, suna wasa da su tare da uwayensu da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20, kuɗin da waɗannan yara ke samu ya ɗara na takwarorinsu da ba a yi musu wannan wasa ba da kusan kashi 25 cikin 100. Abin lura, zama suka yi da uwa mako bayan mako, ba huɗuba suka yi suka wuce kamar ni ba.

Na so ƙwarai a ce kuɗi kaɗai zai warware komai. A Amurka an ba wasu uwaye marasa ƙarfi dala 333 duk wata, wasu dala 20. A 2022 aka ga alamar bambanci a motsin ƙwaƙwalwar jariran, amma da suka kai shekara 4 gwaje-gwajen ba su nuna wani fifiko a fili ba. Sakamakon bai yi mini daɗi ba, dole na karɓe shi yadda ya zo.

Takardar tambayoyinmu ma ta sha ba ni kunya. Akwai layin da ke cewa, "Kina wasa da ɗanki?" Uwar ɗan fari sai ta sunkuyar da kai ta ce a'a, mu kuma mu rubuta sifiri. Alkunya ce, ko sunansa ba ta kira. Da za mu ƙara rabin awa a gidan, da mun ga kaka ta ɗora shi a cinya tana yi masa tawai tana kiransa mijinta, ga wata yarinyar gidan 'yar shekara 7 ta goya shi tana yi masa waƙa. Yara nawa muka rubuta ba su da mai kula da su alhali a hannu suke yini? Sai da muka sake tambayar ta koma, "Wa ke ɗaukarsa in kina aiki? Wa ke sa shi dariya?"

Yanzu in na shiga gida, sikeli yana jira a zaure. Nakan nemi tabarma in zauna, in gaida tsohuwar gidan, "Inna, ina gajiya, ya jikokin?" Sannan in juya ga uwar in tambaye ta yadda ta kwana, da yaushe rabon da maigidan ya yi aike.